Guntun Ƙashin da Na Ɗauko Daga Garwa

Tun da muka dawo ban huta ba. A kasuwa a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a bakin famfo. "Malama Hajara, yaya Kamaru? Da gaske ba a yanka ta ba? Da gaske da kyamara aka shiga ƙafar?" Wata ma, da ba zan faɗi sunanta ba amma ta san kanta, cewa ta yi yawon buɗe ido muka tafi muka fake da ciwo. To, bakina ya gaji. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe alli a firamare, na san idan aji ya cika da surutu gara a rubuta a allo. Ga shi na rubuta, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, a Kagarawal nake. Mai gidana ya rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙansa. Ɗana na fari, wanda ba zan kira sunansa ba ko a takarda, shi ne mijin Balkisu, kuma sashensu a cikin gidana yake. Yarinya ce mai hannu, girkinta ba a magana, bakinta ba ya wuce "To, Inna." Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun zuwanta: ba ta durƙusawa. Idan ta zo gaishe ni da safe sai ta dafa bango, ta ɗan rusuna, ta miƙar da ƙafar hagu gefe kamar mai tsallake kwata. Ni kuwa a gidan da na tashi, yarinya ba ta gaida babba sai gwiwa biyu sun taɓa ƙasa. Na yi mata magana a hankali, na yi da faɗa, na yi da habaici. Ta ce gwiwar ce ke ciwo. Na ce 'yar shekara ashirin da uku, wace gwiwa? Mu da muka haifi bakwai me za mu ce?

Ranar ƙaramar Sallar bara muka je Barunde gaida Yaya, wan mai gidana, wanda yara ke kira Baffa Sambo. Shi ne babbanmu yanzu, duk wata magana ta dangi a zaurensa take ƙarewa. Tun a hanya na ja mata kunne, na ce, "Yau kada ki ba ni kunya." Ba ta ba ni ba. Ta zube gwiwa biyu a kan siminti, sai na ji ƙas, kamar an karya kara. Ta gama gaisuwarta tsaf, har da tambayar jikin Yaya, sannan ta kasa tashi. Mata biyu ne suka ɗaga ta. Allah ya yafe mini, abin da na faɗa a raina shi ne, ga iyayi ya motsa.

Muka kai ta wajen mai ɗori. Mutumin nan ya ja ƙafar, ya murɗa, ya tofa, ya ɗaure da kara, ya ce targaɗe ne, kwana bakwai za ta yi gudu. Sau uku muna komawa cikin wata huɗu, kullum targaɗe. Har yau in na tuna yadda yake danna gwiwar da babban yatsa yana hira da maƙwabcinsa a kan farashin taki, sai raina ya ɓaci.

Rifkatu ce ta raba mu da shi. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, Batangaliya, a Herwagana take, nas ce da ta yi ritaya. Ta zo gidana ta tarar da Balkisu tana jan ƙafa tana shara, ta ɗaga zanin ta duba, ta juyo kaina.

"Hajara, ke da kika yi boko? Gwiwa ta kumbura kamar tulu kina kai ta ana tofa mata yawu?"

Ita ta ja mu wajen likitan ƙashi a nan Gombe. Ya yi hoto, ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya ce ƙoƙon gwiwa a cikin wani ɗan kwari yake zaune, akwai jijiyar da ke riƙe shi ta ciki kamar igiyar akuya da turke. Ta Balkisu ta tsinke, shi ya sa ƙoƙon ke gocewa gefe. Aiki iri biyu ne, in ji shi. Ko a tsaga gwiwar a buɗe, ko a huda 'yan ƙananan ramuka a zura kyamara a gyara daga ciki, wanda ya fi saurin warkewa. Akwai abokin karatunsa da ke zuwa wani asibitin mishan a bayan garin Garwa, a Kamaru, da kayan aikin, kuma yana can a watan. Ya rubuta mana wasiƙa.

Da aka kai wa Yaya maganar, dariya ya yi. Ya ce, "Ƙetare ƙasa saboda gwiwa? To, ku je ku dawo, mu ga abin da za a yi mata." Mijinta bai samu hutu a wurin aiki ba, mahaifiyarta kuma ba lafiya gare ta ba, sai jinya ta faɗo kaina. Kada wani ya yaba mini. Ba tausayi ne ya sa na ɗaura ɗankwali ba. Na tafi ne in ga ƙarshen abin da idona, don har lokacin rabin zuciyata tana ce mini raki ne.

A tasha muka fara cin karo da halin mutanenmu. Mun kama kujera uku a baya don ta miƙe ƙafa, direba ya rantse ba zai ƙara kowa ba. Ko Kumo ba mu kai ba ya tsaya ya ɗauki wani mutum da buhun albasa, ya ce ai buhu ba mutum ba ne, a ɗora ƙafar a kai. Na ce masa, "Kai, ka dube ni da kyau. Na koyar da waɗanda suka girme ka." Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, hanya ce." Kowane azzalumi a ƙasar nan da haƙuri yake fara magana. Haka ƙafar Balkisu ta yi tafiya a kan albasa, muka wuce Billiri, muka wuce Kaltungo, mota tana faɗawa rami tana fita. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ta cije leɓe ta juya fuska wajen taga. Mai albasar, bawan Allah, shi ya fi kowa jin kunya. A Numan ya sauka ya sayo mata ruwan sanyi, ya ce a ɗora a gwiwar.

Muka kwana a Jimeta gidan 'yar ƙanwata, da safe muka kama hanyar iyaka a wata tsohuwar mota da ƙofarta ke ɗaure da igiya. A ɓangarenmu wani mai kaki ya karɓi takardunmu ya jujjuya, ya ce mai ciwon ta sauko ya gani. Na ce ga wasiƙar likita a hannunka. Ya ce wasiƙa ba ta ɗingishi. Sai da yarinyar nan ta sauko ta yi taku biyar a rana, yana kallo yana sakace haƙori, sannan ya buga hatimi. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Balkisu ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Inna, mu dai mu wuce."

Daga nan sai kogi, babu gada, sai kwale-kwale. A nan ne abin da ban taɓa gani ba ya faru. Ta ɗaga ƙafar dama ta sa a cikin jirgin, nauyinta ya koma kan ta hagu, jirgin ya ɗan juya. Sai kawai ta zauna a cikin taɓo. Da ta janye zanin, na ga ƙoƙon gwiwar ya bar wurinsa ya koma gefen ƙafa, gaban gwiwar ya lotsa. Mai fito ya yi salati, mata suka taru, ni kuwa na tsaya riƙe da fulas kamar gunki.

Ita ko ƙara ba ta yi ba. Ta tura gefen mayafi a baki ta cije, ta miƙar da ƙafar a hankali, ta sa tafin hannu ta tura ƙoƙon. Na ji ƙarar komawarsa. Ta goge zufa, ta ce wa mai fito ya kama ta. Hannunta ya san aikin, irin sanin da hannu ke yi wa tuƙin tuwo.

Da muka kai tsakiyar ruwa na ce, "Sau nawa ya taɓa yi miki haka?"

Ta ce, "Na daina ƙirgawa, Inna."

"A gidana?"

"Yawanci a banɗaki ne. Ba ya daɗewa."

Muka kai gaɓa, mai fito ya kama ta ta sauka.

A ɗaya ɓangaren muka tarar an rufe ofis, wai ana cin abincin rana, kuma cin abincinsu awa biyu ne cur. Mu a nan ma'aikaci yana ci yana aiki, ko ya bar aikin gaba ɗaya, amma ban taɓa ganin an kulle ƙasa da kwaɗo saboda abinci ba. Da suka buɗe, wani dogo ya dube ni ya zubo Faransanci. Na mayar masa da Turancina na malamar makaranta, ya kalle ni kamar na yi tari. Na gwada Hausa, ya girgiza kai. Sai Balkisu ta matso ta gaishe shi da Fillanci, don mahaifiyarta Bafulatanar Dukku ce. Nan take fuskar mutumin ta sake, har kujera ya sa aka kawo mata. Ni da na zauna shekara hamsin a Gombe, Fillancina bai wuce na sayen nono ba. Daga wannan wuri har muka dawo, ni ce yarinya ita ce babba. In zan sayi gishiri sai ta yi mini magana.

A Garwa muka sauka gidan wata dattijuwa, Dada Asta, da ke ba masu jinya ɗakuna kusa da ƙofar asibitin. Mutanen gari dai kamar mu suke, sallarsu, kunyarsu, har durƙuson. Abincin ne ya ba ni haushi. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, kuma ba a sa shi a leda. Sai ka ga ƙato ya saƙale shi a hammata yana tafe cikin rana, a haka za a kai wa iyali su ci. Wata mai jinya 'yar kudancinsu ta kawo mana miyar shuwaka da gyaɗa, da wani rogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare. Na kwance, warin ya doke ni, na mayar na ɗaure. Balkisu ta cinye nata da nawa, ta yi wa matar godiya. Kifinsu kam ba ni da ta cewa, gasasshe da yaji, ko a bakin dam ɗin Dadin Kowa ban ci irinsa ba.

Dada Asta ta ga yadda Balkisu ke tafiya, ba ta tambayi komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wata kujerar katako da aka huda tsakiyarta, ta kai banɗaki ta ajiye a kan masai. Ta ce wa Balkisu wani abu da Fillanci, na tambayi me ta ce. Wai, "Mai ciwon gwiwa ba ta tsuguno." Baƙuwa, kallo ɗaya. Ni shekara biyu yarinyar tana gidana, masan gidana na tsuguno ne, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Asibitin ma da nasa salon. Mai jinya ɗaya tak ake bari, kuma ƙararrawa ake bugawa, in ta buga kowa waje. Na tuna dubiyarmu ta gida, inda unguwa guda za ta zauna a kan gadon mara lafiya ana ɓare gyaɗa. Ma'aikatan yawanci 'yan kudu ne, yarinya ƙarama za ta miƙo maka hannu tana tsaye ƙiƙam. Likitan gajere ne mai sanƙo, yana jin Turanci, amma Turancin da ya sha Faransanci ya ƙoshi. Da muka shiga na gyara zama zan yi bayani, sai ya ɗaga mini hannu ya ce mai ƙafar yake so ya ji. Ni da na kawo ta. Ita ya tambaya, ita ya yi wa bayani, ita ta sa hannu a takarda. Na zauna ina huci.

Ranar aikin na zo da shirina na gida: tsofaffin zannuwa huɗu saboda jini, fulas biyu, da tasbaha. Aka shiga da ita da hantsi. Kafin azahar aka turo ta, idonta biyu, wai allura aka yi mata a baya ƙafafun suka mutu, har tana kallon cikin gwiwarta a talabijin. Washegari da nas ta zo canza bandeji na leƙa. Filasta uku ƙanana, kowane ɗinkinsa bai fi ƙwayar wake ba, da wani guda ɗaya a ƙasa mai tsawon gaɓar yatsa. Shi ke nan. Kafin in gama mamaki wata mata ta shigo da sanduna biyu, ta ɗaura mata wani abu mai ƙarfe a gefe tun daga cinya har ƙwauri, ta ce ta tashi ta taka.

Nan fa na hau. Mun ƙetare kogi, mun kwana a hanya, an ci mana mutunci a iyaka, don a yi mata tsagar da wanzami zai yi a ƙofar gida? Ban jira ƙararrawa ba, na tura ƙofar likitan na shiga. Na ce masa mu ba ƙauyawa ba ne, ya faɗa mini gaskiya in bai yi komai ba.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya juyo da kwamfutarsa ya ce in zauna. Ya nuna mini cikin gwiwar Balkisu. Ya fara nuna wani wuri fari sumul, ya ce haka lafiyayyen guringuntsi yake. Sannan kyamarar ta juya bayan ƙoƙon, na ga wurin ya kankare ya yi zare-zare kamar gindin tukunyar da aka sha kankara. Ya nuna inda ya ɗebo wata jijiya daga ƙafarta ya ɗaure ƙoƙon da ita. Sai ga wani abu fari yana yawo a cikin ruwan gwiwar, wani ɗan ƙarfe ya kama shi ya fito da shi.

Ya buɗe aljihun tebur ya ajiye wata 'yar kwalba a gabana. Abin yana ciki, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce guntun ƙashi ne da ya ɓalle daga bayan ƙoƙon, kusan shekara guda yana yawo a ciki yana gurzar ta duk takun da ta yi. Ya ce irin wannan yakan ɓalle ne in ƙoƙon ya goce da nauyin mutum a kansa.

Sai ya ce, "Na tambaye ta wane aiki take yi da take yawan durƙuso a kan wannan gwiwa. Ta ce wanke-wanke. A ƙasarku a durƙushe ake wanke-wanke?"

A gidana a kan kujera 'yar tsuguno ake wanke-wanke, kuma ba ita ke yi ba. Na san ranar da ƙashin nan ya ɓalle, na san zauren, na ji ƙarar da kunnena. Na ce wa likita, "A'a, ba a durƙushe ake yi ba." Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara tambaya ba. Ya ce sati shida ƙarfen nan zai yi a ƙafarta, salla a kan kujera, durƙuso kuwa babu shi sai ya gan ta bayan wata huɗu ya yarda. In ta durƙusa kafin jijiyar ta kama ƙashi, za ta tsinke, duk wahalar ta tashi a banza, kuma aiki na biyu ba ya kyau kamar na farko.

Na koma ɗaki na tarar da ita zaune a bakin gado tana gwada sandunan. Na zauna kusa da ita, na rasa ta inda zan fara, sai faɗa ya fito, don shi na iya.

"Ke wace irin yarinya ce? Ƙashi na yawo a ƙafarki ki kasa buɗe baki ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Na faɗa, Inna."

Na so a ce ta ɗaga murya, ko ta harare ni. Da na samu abin riƙewa. Na tashi na ɗauki fulas na ce zan nemo ruwan zafi, alhali a cike yake.

Kwana tara muka yi. Dada Asta ta ba mu kujerar nan kyauta, na ɗauko ta a ka har bakin kogi ba kunya. Mai kakin da ya sa ta taku a rana yana nan, ya ga sanduna ya ce, "Ashe da gaske ne." Na wuce kawai, don ba ni da bakin yi masa faɗa a kan wannan.

Kwana biyu da dawowarmu Yaya ya aiko, wai a kawo yarinya ya gan ta. Na so in ce a bari ta huta, amma ba a mayar da aikensa. Muka tarar da zauren a cike, shi yana kan buzunsa, maza a gefe, mata a bakin ƙofar cikin gida. Kafin mu ƙarasa, Goggo Ladi, ƙanwar Yaya, ta ja Balkisu gefe ta ce sai ta ga aikin. Ta ɗaga zanin, ta leƙa ta tsakanin maɗaurin ƙarfen, ta kwashe da dariya.

"Wannan ne aikin Kamarun? Ai ƙahon da aka yi mini a baya ya fi wannan tabo. Yaya, ba a yi mata komai ba, ɗan tsaga ne."

Yaya ya yi murmushi ya ce, "To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Matso, 'yata, mu gaisa."

Aka zuba mata ido ana jira. Kowa ya san yadda ake gaida Yaya. Na ga Balkisu ta dubi simintin, ta dube ni. Sannan ta jingina sanda ɗaya da bango, ta kai hannu ta fara ɓalle maɗaurin ƙarfen na sama. Wallahi da na yi shiru da ta durƙusa. Ta san abin da likita ya faɗa sarai, da kunnenta ta ji, amma ni na koya mata cewa kunyata ta fi ƙafarta.

Na riƙe hannunta. Na mayar da maɗaurin na ɗaure, na miƙa mata sandarta. Na kwance bakin zanina na ciro kwalbar nan da likita ya ba ni, na je na ajiye ta a kan buzun Yaya.

Ya ce, "Mene ne wannan, Hajara?"

Na ce, "Gaisuwarta ce ta Sallar bara, Yaya. A nan ta durƙusa, a kan simintin nan, ƙashin ya ɓalle. Ni na sa ta. Shekara guda tana tafiya da shi a cikin gwiwa ina ce mata mai iyayi. Ta riga ta gaishe ka, ga shi nan a kwalba."

Goggo Ladi ta ce, "Hajara, a gaban maza?"

Na ce, "A gabansu ya karye."

Yaya ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta wajen haske. Ya girgiza ta, abin ya yi 'yar ƙara a jikin gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidansu ina amarya ban taɓa mayar masa da magana ba. Can ya juya wajen mazan ya ce a ɗauko kujera. Aka kawo farar kujerar roba, irin wadda ake ba baƙi maza, aka ajiye a gabansa. Balkisu ta ƙi zama sai da ya faɗa sau biyu. Ta zauna tana sama yana ƙasa, ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta hanya. Tun da aka gina zauren nan ba a taɓa ganin haka ba. Kwalbar kuwa ya sa ta a aljihun rigarsa, har yau bai mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ya rage tawa gaisuwar. Na zube gwiwa biyu kamar yadda na saba, na gaishe shi. Da na zo tashi, gwiwoyin shekara sittin da biyu suka ce ba su san zancen ba. Na dafa ƙasa, na yunƙura, na koma. Sai na ga an miƙo mini sanda ta gefe. Balkisu ce, daga kan kujerarta, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Riƙe nan, Inna. Dafa bango ma ba laifi ba ne."

Na riƙe na tashi.

To, kun ji yadda Kamaru take. Masu zuwa dubiya ƙofa a buɗe take, ku zo da safe ko bayan la'asar. Za ku tarar da ita a kan kujera, a nan za ta gaishe ku, ko ke wace ce, ko kai wane ne. Wanda ransa bai kwanta ba sai an durƙusa masa, ya leƙo ɗakina. Ni ce na iya, ni zan yi masa.